Hular kwano a kan wanda ya yi hatsarin babur: a cire ne ko a bar masa?

Idan babur ya kwashe da mutum a kan titi, tun kafin ƙura ta lafa za ka ga jama'ar da suka taru a kansa sun kasu biyu. Akwai masu gaggawa, su dai burinsu a fizge hular kwanon nan daga kansa wai ya sha iska, wani ma har ya kama haɓar hular yana ja yana murɗawa kamar mai cire takalmin da ya matse. Akwai kuma waɗanda suka taɓa jin wani abu a wani waje, su kuma ihu suke kar a taɓa, kar a cire, wai hular ce ta riƙe masa kai, in aka cire shikenan kan zai tarwatse. Kowane ɓangare yana riƙe da ɗan guntun gaskiya, kuma kowa zai iya yin ajalin mutumin da guntun nasa, shi ya sa maganar take buƙatar a zauna a warware ta.

Bari in fara sallamar zancen nan na cewa hula ce ke riƙe ƙoƙon kai. Ba haka ba ne. Hular kwano ba ɗaurin karaya ba ce, ƙoƙon kan da ya tsage ba ya darewa don an zare hula, fata da naman kai suna nan riƙe da shi. Abin da ma'aikatan agajin gaggawa suke tsoro ba a cikin hular yake ba ma, a ƙasanta yake, wato wuya.

Wuyan mutum gaɓoɓin ƙashi bakwai ne a jere, ɗaya kan ɗaya, tsakiyarsu da rami, ta cikin ramin nan laka ta bi daga ƙwaƙwalwa ta gangara baya, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba amma duk wani saƙo na motsa hannu da ƙafa da riƙe fitsari da jin zafi ko sanyi ta nan yake wucewa. Jijiyar da ke motsa tantanin nan na ƙasan huhu, wanda da shi muke jan numfashi, daga daidai gaɓa ta 3 da ta 4 da ta 5 take fitowa, don haka in laka ta lalace a saman wajen nan ba shanyewar jiki kaɗai ba ce, numfashin ma tsayawa yake. To ka ɗora kai a saman wannan jerin, nauyin kan babban mutum ya kai kilo 5 ko kusa, ka ƙara masa hula mai rufe fuska ta wajen kilo ɗaya da rabi, sannan ka wurga mutumin daga kan babur a guje. Abin da ya sa ake tsoron kenan. Kuma ga inda matsalar take, ƙashin wuya zai iya karyewa ko ya goce amma lakar tana nan lafiya ƙalau, mutumin yana magana yana motsa yatsun ƙafa, kowa ya ɗauka ya tsira, sai wani mai taimako ya zo ya lanƙwasa wuyan garin cire hula, gutsuren ƙashi ya danne lakar. Abin da hatsarin bai yi ba sai hannun mai taimako ya ƙarasa. Laka kuwa in ta yanke ba ta haɗuwa kamar yadda ƙashi ke haɗuwa.

Kar wani ya ji wannan ya ce to ai hular ce ke karya wuya gara a daina sawa. Bitar da Cochrane, wata ƙungiyar masu tantance binciken lafiya, ta yi a 2008, wadda ta tattara binciken da aka yi a kai, ta nuna hular kwano na rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, na mutuwa kuma da kusan kashi 42, kuma ba ta sami hujjar cewa tana ƙara raunin wuya ba. Abin lura kawai shi ne duk bugun da ya isa ya fasa hula ya isa ya taɓa wuya, don haka duk mai babur da ya faɗi da ƙarfi ana ɗaukar wuyansa a matsayin karyayye har sai hoto a asibiti ya ce ba haka ba.

In da maganar wuya ce kaɗai da an gama, sai a ce kowa ya bar hula. Amma akwai numfashi, shi kuma ba ya jira.

Mutumin da ya suma yana kwance rigingine, naman harshensa da na maƙogwaro sakin jiki suke, harshen ya koma baya ya toshe hanyar iska, shi ne za ka ji yana wani irin minshari mai nauyi wanda wasu ke ɗauka barci ne ko hutawa yake, alhali shaƙewa yake. Ga jini daga hanci ko daga baki, ga haƙorin da ya karye, ga amai wanda raunin kai ke yawan jawowa, duk waɗannan in suka taru cikin hula mai rufe haɓa ba su da wajen fita sai komawa cikin huhu. Ƙwaƙwalwa kuma in ta rasa iskar oksijin minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa, lalacewar da ba ta gyaruwa. Ka ga kenan wanda ya tsaya gadin wuya ya hana a cire hula alhali mutum ba ya numfashi, gawa mai lafiyayyen wuya zai miƙa wa motar asibiti. Shanyewar jiki abu ne mai yiwuwa in aka motsa wuya, mutuwa kuwa tabbas ce in babu iska, kuma ba a barin tabbas saboda tsoron mai yiwuwa.

Wannan rikicin ma ba tun asali yake ba. Lokacin da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Hugh Cairns ya fara fafutukar masu babur su riƙa sa hula, bayan ya kasance cikin likitocin da suka duba T. E. Lawrence, wani shahararren sojan Birtaniya wanda hatsarin babur ya kashe a Ingila a 1935, har rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masu baburanta hula a 1941, hulunan lokacin saman kai kawai suke rufewa, fuska a buɗe take. Sai a 1968 kamfanin Bell na Amurka ya fito da mai rufe fuska gaba ɗaya har haɓa. Ta fi kare muƙamuƙi da fuska nesa ba kusa ba, amma ta zo da sabuwar tambaya ga masu ceto, yaya za a kai ga bakin mutum? Daga nan ne a farkon shekarun 1980 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta fitar da dabarar cirewa ta mutum biyu, wadda har yau ita ake koyarwa da ɗan gyare-gyare nan da can.

To kai da ka iso wajen, ba likita ba ne, ba ka da kaya, me za ka yi? Farko dai ka duba kanka da titi kar wata motar ta haɗa da kai, a sa wani ya tsaya yana tsayar da ababen hawa, a kashe injin babur ɗin, a kira motar asibiti, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai kira, don in ka ce wani ya kira kowa zai ɗauka wani ya kira. Sannan ka zo wa mai raunin ta inda zai gan ka ba tare da ya juyo ba, domin in ka kira shi ta baya abu na farko da zai yi shi ne waiwayowa, ka ga ka sa shi ya yi abin da ake gudu da kansa. Ka durƙusa, ka dafa hular da hannu biyu a gefe da gefe ka riƙe ta a yadda ka same ta, ka ce masa kar ya motsa kai, ya amsa da baki ba da gyaɗa kai ba. Ka ɗaga gilashin hular, wannan ba ya motsa wuya kuma yana ba shi iska yana ba ka damar ganin fuskarsa.

In ya amsa maka da magana a fili, ya faɗi sunansa, ya san inda yake, to hanyar iskarsa a buɗe take, magana ba ta fita sai da iska. Wannan ka bar masa hularsa. Aikinka riƙe kai ne da yi masa magana da sa ido har masu aikin su zo, ba ruwa ba abinci, ba zaunar da shi, ba jan shi a ɗora a bayan wani babur. Ka tambaye shi ko wuyansa na ciwo, ko yana jin kamar ana tsitstsira masa allura a hannu ko ƙafa, ko kamar wutar lantarki na bin bayansa, ko akwai inda ba ya ji kwata-kwata, ka riƙe amsar a kanka ka gaya wa ma'aikatan, domin yadda yake a minti na farko yana da amfani a wajensu in abu ya canza daga baya.

Akwai wani yanayi da littafi ba ya cika faɗa amma kullum yana faruwa, mutumin ya riga ya miƙe ya cire hularsa da kansa kafin kowa ya iso, ko yana kwance yana fizge-fizge yana cewa a cire masa zai shaƙe. A ganina kokawa da irin wannan ta fi cirewar haɗari, mutum uku sun danne shi yana turjewa wuyan yana shan murɗa. Mai hankalinsa a jiki naman wuyansa na ɗaurewa da kansa ya kare wajen da ke ciwo, kuma zafi na tsayar da shi kafin ya wuce iyaka, wanda ya suma ne ba shi da wannan kariyar. Don haka ka lallashe shi ya kwanta ya natsu, in ya nace sai ya cire to gara ya zare a hankali da hannunsa kana tallafe da kan, da a yi dambe. Amma fa ka lura, fizge-fizge da faɗa bayan hatsari sau da yawa ba hali ba ne, alamar raunin ƙwaƙwalwa ce ko ƙarancin iska.

In kuwa bai amsa ba, ka duba numfashi, ka kalli ƙirji da ciki ka kasa kunne wajen buɗaɗɗen gilashin na daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai, shiru ba ƙara, za ka iya ci gaba da riƙe kan kana dubawa kowane ɗan lokaci. In ba ya numfashi, ko yana jan iska ɗaya-ɗaya jefi-jefi kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa, wanda wannan ba numfashi ba ne alamar zuciya ta tsaya ce, ko kana jin ƙarar ruwa a maƙogwaronsa, ko amai ya cika hular, ko jini na kwarara daga ciki ba ka ganin daga inda yake fitowa balle ka danne, ko kuma ka kasa tantance ma yana numfashin ko ba ya yi saboda hular ta rufe komai, to hular nan fita za ta yi. Nan babu sauran muhawara.

Sai dai kafin ka fara ja, ka kalli wace irin hula ce, don ba duka ke buƙatar fita ba. Mai buɗaɗɗiyar fuska wadda ba ta da haɓa, baki da hanci a waje suke, za ka iya share baki ka tura muƙamuƙi gaba tana kansa. Akwai kuma wadda haɓarta ke ɗagawa sama gaba ɗaya, yawanci da wani maɓalli a tsakiyar haɓar ta ƙasa ko ta gaba, sau da yawa ja ne, in ka danna ka ɗaga sai ga fuska duka a fili, mutane da yawa sun sha wahalar jan irin wannan ba su san tana buɗewa ba. Mai wahalar ita ce mai rufe fuska wadda haɓarta a haɗe take da jikinta.

Na taɓa kwanciya a ƙasa a matsayin mai rauni a wajen wani horon agajin gaggawa, da irin wannan hular a kaina, mutum biyu suna gwada cirewa, kuma sai a ranar na gane abin da ake nufi. Karon farko wanda ke ja ya ja ta a miƙe kawai, haɓar hular ta maƙale a ƙasan hancina, na ji kaina gaba ɗaya yana bin hular baya har hawaye suka fito min, ni da lafiyata kenan. Da ta fita kuma wanda ke riƙe da wuyana bai yi tsammanin nauyin kai ba, ƙeyata ta faɗi ta bugi tabarmar da nake kai, ƙwal. Malamin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ku sake, wannan kun gama da shi. Sai a karo na huɗu na ji hular ta fita kaina bai ko girgiza ba, kuma bambancin ba a hannun mai jan hular yake ba, a hannun mai riƙe wuyan yake.

Ga yadda abin yake. Mutum na farko yana durƙushe a saitin kan, tafukansa a gefen hular biyu, yatsunsa sun zagayo bakin hular ta ƙasa sun dafa muƙamuƙin mai raunin, saboda in hular ta yi masa yawa kan zai iya juyawa a ciki kai kana riƙe da kwano kawai. Na biyu yana gefe daidai kafaɗa, shi zai ɗaga gilashi, ya zare tabarau in akwai, kuma wannan ana mantawa da shi sosai, hula ta tafi da tabarau ta karce ido. Sai ya kwance maɗaurin haɓa. Maɗaurin nan iri-iri ne, akwai mai zobba biyu wanda igiyar ke shiga ta dawo, in ka ja ɗan jan ƙyallen da ke jikin zoben sai ya saki, akwai mai haƙora wanda ake ɗaga ɗan marfi ko a ja wata igiya ya zare, in ka tsaya ka rasa kansa kuma akwai almakashi to ka yanke kawai, ba lokacin tausayin hula ba ne.

Daga nan na biyun zai sa hannu ɗaya ya kama muƙamuƙi ta gaba, babban yatsa a gefe ɗaya, manuniya da na tsakiya a ɗaya gefen, a kan ƙashi fa, ba a kan taushin maƙogwaro ba don kar garin ceto ya shaƙe shi. Ɗaya hannun ya zura ta ƙarƙashin wuya har yatsunsa su kai gindin ƙeya, gwiwar hannun nan a dafe da ƙasa, don hannun da ke rataye a iska zai gaji ya yi rawa. Sai ya ce na riƙe, da baki, a ji. Kafin ya faɗi haka na farko ba ya sakin komai. Wannan ƴar kalmar ita ce igiyar aikin duka, ba a taɓa barin daƙiƙa ɗaya da kan yake ba a hannun kowa ba.

Yanzu na farko zai kama bakin hular ta gefe biyu wajen da igiyoyin suke, ya buɗa ta waje da ƙarfi, tana ɗan buɗuwa, don ta wuce kunnuwa. Sai ya ɗan karkata hular baya yadda haɓarta za ta ɗago ta tsallake hanci, hular ce ke karkata ba kan ba, wannan shi ne inda aka fi yin kuskure. In ta wuce hanci ta kai kamar rabi sai ya dakata, na biyu ya matsar da hannunsa na ƙasa sama ya bi bayan hular ya tallafi ƙeya sosai, saboda nauyin kan duka yanzu zai sauko masa. Sai na farko ya karkato hular gaba kaɗan ta bi lanƙwasar ƙeya ta fita. A hankali, kaɗan-kaɗan, ba murɗawa hagu da dama. Da ta fita ya ajiye ta ya dawo ya karɓi kan da tafukansa biyu a gefe da gefe, kar ya toshe kunnuwan gaba ɗaya in mutumin na ji, shi ma ya ce na riƙe, sannan na biyu ya saki.

Saura ramin da hular ta bari. Tana kansa ta ɗaga ƙeya daga ƙasa da kaurinta, da ta fita akwai tazara ta ƴan santimita tsakanin ƙeya da ƙasa, in aka saki kan zai faɗa baya wuyan ya lanƙwashe. A ninke riga ko tawul a cike wajen yadda kan zai zauna a saitin jiki, hanci a layi ɗaya da cibiya. Ba matashi mai tudu ba, shi kuma tura kan gaba zai yi ya matse hanyar iska.

In mutumin yana cikin hayyacinsa ana cirewa ya ce wuyan ya ƙara ciwo, ko ya ji wani abu ya tsarga masa hannu, a tsaya nan take. A asibiti irin wannan ba ja suke ba, zarton da ake yanka filastar karaya suke sawa su raba hular biyu ta gefe su ɗauke ta kamar an buɗe ƙwarya. Masu ƙera huluna ma sun shigo cikin maganar, da yawa daga cikin na zamani, irin na Arai da Shoei da wasunsu, suna da wasu ƴan igiyoyi masu launi, yawanci jajaye, a ƙasan hular daidai kumatu, in ka ja su sosan kumatun ya zare ya fito, hular ta yi sako-sako ta fita ba gardama. A wasannin tseren babur da na mota kuma akwai wata ƴar jaka da ake shimfiɗawa a cikin saman hular tun kafin a sa, in an yi hatsari a hura mata iska ta turo hular sama daga kan. Mai babur ya kamata ya san ko tasa na da jajayen igiyoyin nan, mai ceto kuma ya leƙa ƙasan hular kafin ya fara, daƙiƙa biyu ne.

To in kai kaɗai ne fa, ba kowa, mutum kuma ba ya numfashi? Ka cire. Ka durƙusa a saitin kansa, ka kwance maɗauri, ka buɗa gefen, ka zaro a hankali a layin jikinsa, da ta kusa fita ka zura hannu ɗaya ka tari ƙeya kar ta faɗi. Ba zai yi kyau kamar na mutum biyu ba amma ya fi jira. In akwai ɗan kallo ko ɗaya a kusa ka jawo shi ka nuna masa inda zai sa hannu, riƙe kai ba ya buƙatar takardar shaida. Kuma in zuciya ta tsaya ba sai hula ta fita ake fara danna ƙirji ba, wani ya fara dannawa a tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, dannawa 30 hura iska 2 ga wanda ya iya, wanda bai iya hurawa ba ya ci gaba da dannawar kawai kar ya tsaya.

Bayan ta fita, buɗe hanyar iskar ma da yadda ake yi. Abin da aka saba koyarwa na tura goshi baya a ɗaga haɓa yana motsa wuya, don haka ga wanda ake zargin karayar wuya ana fara gwada tura muƙamuƙi ne, ka sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ta ƙasan kunne gefe biyu ka turo shi sama, haƙoran ƙasa su wuce na sama, harshe a manne yake da muƙamuƙi don haka zai biyo shi ya bar maƙogwaro. In ka yi haka iska ba ta shiga, to ka ɗaga haɓar kaɗan-kaɗan har ta shiga, dalilin dai shi ne wancan na farko, numfashi na gaba da wuya. In amai ya taso a juya shi gefe gaba ɗayansa kamar gungume, mutum uku ko huɗu, mai riƙe da kai shi ke ƙirga ɗaya biyu uku, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare. In ka ga wani ruwa garai-garai ko mai haɗe da jini na fita ta kunne ko hanci kar ka toshe da auduga, zai iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne daga karayar gindin ƙoƙon kai, a rufe sama-sama da abu mai tsabta a bar shi.

Wani zai ce to me ya sa ma'aikatan motar asibiti su suna zuwa suke cirewa ko da mutum na numfashi, mu kuma a ce mu bari? Saboda su da sauran aiki a gaba. Hula a kai ba a iya sa abin tallafe wuya, ba a iya ɗora abin oksijin a fuska, ba a ganin raunin da ke ƙarƙashi, ga ta a mulmule tana gangarawa a kan gadon ɗaukar marar lafiya, sannan kaurinta na tura kan gaba tunda mai babur ba shi da abin da ya ɗaga masa kafaɗu. Wannan na ƙarshen shi ne bambancinsa da ɗan wasan ƙwallon Amurka, shi yana da sulke mai kauri a kafaɗa wanda ya daidaita da hularsa, shi ya sa a can aka daɗe ana cire ragar fuskar kawai a bar sauran, in kuma za a cire to hula da sulken tare ake cirewa. Ga shi kuma mutum zai iya yin amai a cikin mota ana tsakiyar gudu, gara a cire a natse a ƙasa da hannu huɗu da suka saba da a cire a firgice a hanya. Su sun maimaita abin sau ba adadi, kai kuma wataƙila yau ka fara. Waɗannan ƴan takardun da ake mannawa a jikin hula masu cewa kar a cire in an yi hatsari, da ɗan kallo mai gaggawa suke, ba da mutumin da ya ga numfashi ya tsaya ba.

Hular da aka cire kuma kar a bar ta a bakin titi ko wani ya ɗauke, a sa ta a motar ta bi mai ita asibiti. Likita na karanta ta, inda ta fashe ko ta goge yana nuna masa ta ina bugun ya shigo da irin ƙarfinsa, tsagewa a saman kai na sa a ƙara zargin gaɓoɓin wuya sun dannu, fashewar haɓa na sa a duba muƙamuƙi da saman wuya. In mai ita ya warke kuma kar ya mayar da ita kansa ko da bayanta na ƙyalli ba ko ƙwarzane, farin soson nan mai tauri da ke ciki shi ke shanye bugu ta hanyar murƙushewa, in ya murƙushe sau ɗaya ba ya dawowa, sai dai a sayi wata.